Shekarar da Irin Daliyarmu Ya Cakuɗe

Mijina Nicanor ya faɗi ne wata ranar Laraba cikin Janairu, yana tsaka da ɗaure igiyar takalminsa a bakin ƙofa. Ina kicin ina gasa tortiya, gurasarmu ta masara, na ji kujera ta kife. Kwana goma sha tara muka yi a asibiti a Puebla. Da aka sallame mu, hannunsa da ƙafarsa na dama sun shanye, bakinsa ya karkace, magana kuma ta ɗauke. In ya matsa wa kansa sai wani guntun sauti ya fito, shi ma ya ji haushin abin ya yi shiru.

Ɗakin kwananmu a sama yake, matakala goma sha huɗu. Yayyena maza biyu suka ga ba yadda za a yi a riƙa hawa da shi, sai suka yi abin da suka ga taimako ne, kuma taimakon ne. Tun muna asibiti suka kwashe sitonmu na ƙasa, suka share, suka yi fenti, suka sa gado da labule. Na dawo na tarar da ɗaki fes, na yi musu godiya har da hawaye. Sai da aka kwana biyu hankalina ya dawo jikina, na tambayi inda suka kai buhunan da ke rataye a siton.

"Wannan dankalin naku?" in ji babban yayana Eusebio. "Yana bayan gida ƙarƙashin rumfa. Buhu arba'in da wani abu, kowanne rabi-rabi, cin wuri kawai. Mun juye su a manyan akwatuna shida, mun rufe da garin katako yadda muka same su. Ko ɗaya bai lalace ba, Zenaida."

Eusebio direban babbar mota ne, ko albasa bai taɓa shukawa ba. Na zaga bayan gida, na kife bokiti na zauna.

Furen daliya muke nomawa tun kafin a haifi 'yarmu Otilia. In fure ya ƙare sai a haƙo saiwar, wadda take kamar dankali, mu ma dankalin muke ce mata, a shanya a adana har lokacin shuka ya zagayo. Iri arba'in da uku Nicanor yake da su, kuma bai taɓa rubuta sunan ko ɗaya ba. Kowane buhu da ƙusarsa a bangon sito, inda buhu yake rataye shi ne sunansa. Na kusa da ƙofa gajeru ne, ba sa wuce gwiwa, su muke shukawa a baƙar leda mu sayar wa masu lambu su jera a gefen hanya ko jikin katanga. Na can ciki dogaye ne, har kafaɗar mutum suke kaiwa, a gona ake shuka su a kafa musu gora, a yanki furen a kai kasuwa. In ka sa gajere a gona ba ka da karan yanka. In ka sayar wa mai lambu dogo a matsayin gajere, ya rufe masa taga, ya daina gaishe ka.

Shekara talatin da ɗaya ina yankar furen nan, ina ƙulla shi, ina zama da shi a kasuwar Atlixco duk Talata da Asabar. Daga ƙasa zuwa sama na san daliya kamar yunwar cikina. Abin da ke ƙarƙashin ƙasa kuwa na Nicanor ne, ban taɓa tambaya ba, shi ma bai taɓa faɗa ba.

Na ɗebo 'yan kaɗan a faranti na kai masa bakin gado. Ya dube su, manya da ƙanana, ja da fari a haɗe, ya dube ni. Na ga ya gane abin da ya faru. Sai ya juya fuskarsa ga bango. Haka ya zauna har watan ya ƙare, wani ya shiga ya ƙare. Na roƙe shi, na yi masa faɗa, na kira fadan cocinmu ya zo ya yi masa addu'a. Otilia, wadda ke aiki a Puebla, ta yi ta turo mini hotunan saiwar daliya a waya. Duk hotunan da ta turo dankali ne, irin wanda ke gabana.

Da Maris ya shigo na buɗe akwati na ga wasu sun fara fitar da ido. Ba za su jira mu ba.

Don Fidencio maƙwabcinmu ne, magudanar ban-ruwa ce kawai ta raba gonarmu da tasa. Shi ya riƙe Otilia ranar baftisma, don haka kompadre muke ce masa, ni kuma ya ce mini komadre, kuma tare suka tashi da Nicanor tun suna yara. Amma shekara goma sha ɗaya ke nan ba sa ga-maciji da juna. A wani bikin baje furanni ne Fidencio ya kawo wata daliya ruwan lemo mai shuɗi-shuɗi a bakin ganyen furen, ta ci na ɗaya. Nicanor ya tashi a gaban jama'a ya ce daga gonarsa ta fito. Fidencio ya ce kudan zuma ne ya haɗa irin, kuma kudan zuma bai san iyaka ba. Nicanor ya ce shi bai taɓa ganin kudan zuma da fartanya ba. Tun daga ranar ko a coci, in wannan ya zauna dama wancan sai ya koma hagu.

Na yafa mayafina na taka katakon da aka gitta a kan magudanar. Na same shi tsugunne yana gyaran bututun ruwa. Ya miƙe da kyar, ya cire malafarsa.

"Komadre. An ce tsohon jakin ya kwanta."

"Ya kwanta, kompadre."

"Yana cin abinci?"

"Loma uku, in na yi sa'a."

Na faɗa masa zancen akwatunan. Ya dafe kai da hannu biyu.

"Arba'in da uku? A wuri ɗaya? Wane mara tsoron Allah ne ya yi wannan aika-aika?"

"Yayana Eusebio."

"Direba," in ji shi, kamar wannan ya isa bayani. "Shi ya aiko ki?"

"Bai ma san na zo ba."

"To in na shiga ya tofa mini yawu fa?"

"Ko tofin ma ba ya iyawa, kompadre."

Ya juya malafar a hannunsa sau biyu yana kallon dutsen nan mai aman wuta da ke hayaƙinsa can sama.

"Gobe da hantsi," ya ce. "Ki dafa kofi mai ƙarfi, ba irin ruwan wankin da kike ba mijinki ba."

Ya zo. Na so mu yi aikin a bayan gida inda akwatunan suke, ya ce sam, can babu haske. Ya sa muka jawo su da baro, muka shimfiɗa tamfol daidai ƙofar ɗakin da Nicanor yake kwance. Ya tura ƙofar ya buɗe ta gaba ɗaya, ya leƙa.

"Kompadre, an ce ka daina magana. To kwarin nan ya huta."

Nicanor bai ko motsa ba. Bayansa kawai muke gani.

Fidencio ya zauna a kan buhu ya fara ɗauka ɗaya-ɗaya, yana juyawa, yana shafa wuyan kowace da babban yatsa. Ya nuna mini waɗanda suka taru curi-curi kamar ƙwai, masu guntun wuya, ya ce yawancinsu gajeru ne. Masu tsawo kamar rogo da siririn wuya, yawanci dogaye. In fatar ta yi ja-ja, furen mai duhu ne.

"Amma kar in yaudare ki, komadre. Rabi zan iya. Ɗaya rabin in na faɗa miki, ƙarya na yi. Irin mutum, mai shi ne ya san shi."

Da ƙarfi yake maganar, fiye da yadda ake bukata tsakanin mutum biyu da ke zaune gwiwa da gwiwa. Muka yi ta yi har rana ta ɗaga. Can sai ya zaro wata ƙatuwa, ta kai kan jariri, ya ɗaga ta sama.

"Ah, wannan ai na san ta! 'Yar Makaranta ce, gajeruwar nan ruwan ɗorawa. Jefa ta cikin na leda."

Ban kai ga karɓa ba sai kofin silba ya fito daga ɗakin a guje, ya daki ƙofar ya gangaro har ƙafata. Na waiga. Nicanor ya juyo, ya dogara a gwiwar hannunsa mai lafiya, fuskarsa ta yi jawur, idonsa a kan saiwar.

"Mene ne kuma?" in ji Fidencio. "Ba ita ba ce? To ai sai ka faɗa."

Ya tashi ya shiga, ya ajiye masa ita a kan bargo. Nicanor ya fizge ta da hannun hagu, ya juya ta, ya shinshina. Sai ya ɗaga hannun sama iyakar ƙarfinsa, ya riƙe shi a can, sannan ya karya wuyan hannun ya sauke tafin ƙasa, kamar kan da ya yi wa mai shi nauyi.

"Suruka!" na ce da ƙarfi.

Ita ce kuwa. Doguwa ce mai fure ruwan hoda, faɗin faranti, kullum kai a sunkuye kamar an ɓata mata rai. Don tsokanar mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta, ya sa mata sunan. Nicanor ya gyaɗa kai. Na tsaya a bakin ƙofa ina dariya, hawaye na zuba, ban san wanne zan fara sharewa ba.

"To ka ji," in ji Fidencio. "Tunda ka fi kowa sani, fito ka yi aikinka. Ni ina da gonata."

Mu biyu muka kinkime shi muka ɗora a kujera mai taya, muka fito da shi rana karon farko tun dawowarmu. Daga nan aiki ya samu hanya. Fidencio ya ɗauka ya ce abin da yake zato, ya miƙa wa Nicanor. Hannu sama, doguwa. Hannu ƙasa, gajeruwa. Launi kuma sai ya nuna wani abu a tsakar gidan: jan zanen da nake ɗaurawa in zan shiga kicin, bangon da Eusebio ya shafa wa ruwan ɗorawa, shuɗin bokiti. In fara ce sai ya nuna kan Fidencio.

"Nuna da kyau," in ji Fidencio. "Ni dai nawa yana nan. Naka fa, ina ya tafi?"

Ni ce mai faɗin suna, don na san su a fure: Jinin Bijimi, Rigar Fada, Bazawara, Mai Kunya. In na dace ya gyaɗa kai, in na kuskure ya bugi hannun kujerar. Na samo fenti da 'yan katakai ina rubutawa. Ranar nan da rana ya cinye kwanon wake guda da tortiya huɗu, don Fidencio ya ce in ba zai ci ba a miƙo masa.

Da yamma na raka Fidencio har bakin magudana. Na tambaye shi ko da gangan ya kira Suruka 'Yar Makaranta.

"Ni? Tsufa ne, komadre."

"To na gode wa tsufan. Ban san da me zan saka maka ba."

Ya tsaya, ƙafa ɗaya a kan katakon.

"Kin tuna rasuwar Macaria?"

Matarsa ce, shekara huɗu ke nan da rasuwarta, cikin Satumba. Ni na je jana'izar, Nicanor ya ƙi zuwa, har muka yi kwana uku ba ma magana a kan haka.

"Ranar da za a binne ta, na buɗe ƙofa da sassafe na tarar da bokiti shida na farar daliya a jere. Ba takarda, ba kowa. A duk kwarin nan mutum ɗaya ne yake da farar nan mai kore-kore a tsakiya."

Na tuna satin. Na shiga gona yanka na tarar layin Bazawara, farar nan tamu, babu ko fure ɗaya, Nicanor ya ce mini iska ce ta karya su.

"Na so in zo in yi godiya," in ji Fidencio. "Sai na ce gobe. Kin san mu." Ya sa malafarsa ya haye.

Kwana tara muka yi muna wannan aikin. Aka samu kamar ɗari biyu waɗanda su biyun suka kasa, don ko mai iri ba ya gane kowace saiwa. Fidencio ya sa na jera su a danshin yashi ƙarƙashin rumfa. Bayan sati biyu suka tsiro, masu baƙin ganye suka bayyana kansu, masu kaurin tsiro ma haka. Sauran muka ce a kai su layin ƙarshe na gona, duk abin da suka zama, su zama.

Sai aka zo inda aka yi rigima, kuma da ni aka yi ta.

Na zaunar da su na ce ni kaɗai ce bana. Ko na ɗauki masu taya ni ranar shuka, ba zan iya kafa gora da ɗaure gona guda ba. Rabi zan shuka, don haka dole a zaɓa. Kafin in rufe baki Fidencio ya fara lissafo manyan: Suruka, Jinin Bijimi, da masu tsinin ganye kamar ƙaya. Nicanor yana ta gyaɗa kai kamar ƙadangare.

"A'a," na ce. "Cikin na yanka, masu kamar ƙwallo zan cika gonar da su. Mai Kunya, Rigar Fada, da ƙananan nan ruwan lemo."

"Waɗannan 'yan mitsi-mitsin?" in ji Fidencio. "Kompadre, kana jin matarka? Za ta mayar maka da gona teburin mai alewa."

Nicanor ya dinga dukan hannun kujera. Shekara goma sha ɗaya ba su yarda da juna a kan komai ba, ranar da suka fara yarda, a kaina ne.

"Ku saurara," na ce. "A cikinku wa ya taɓa zama a kasuwa tun safe har la'asar yana kallon fure na mutuwa a bokiti? Manyan nan naku a gona suke da kyau. Kafin mota ta kai kasuwa sun goge da juna sun yi tabo. A sa su a ruwa, kwana biyu sun fara zubar da ganye a kan teburin mutane. Matar da ke yi wa coci ado duk shekara sai ta yi mini mita a kansu, ni nake shanyewa ban kawo muku gida ba. Masu ƙwallon nan karansu ƙarfi gare shi, kai a tsaye, kwana biyar ko shida suna nan. Su ake dawowa nema."

"Amma su ake tsayawa kallo," in ji Fidencio.

"Kallo ake yi, a ɗauki hoto, a sayi na kusa da su."

A kan gajerun ma na faɗi nawa. Na ce masu buɗaɗɗen ido zan fi yawaitawa, masu layi ɗaya na ganyen fure, da masu baƙin ganyen nan da ke sa ja ya ƙara haske a jikin farar katanga. Masu cunkushen fure in damina ta zauna sai su sha ruwa su ruɓe a kan kara, mai lambu ya zo yana ce mini na sayar masa da cuta. Masu buɗaɗɗen idon kuwa ruwa zubewa yake yi, kuma tun Yuni har sanyi ya shigo ba sa fashi, in dai ana cire wanda ya bushe.

Suka dubi juna. Fidencio ya sosa ƙeya.

"Ashe tana magana haka?" ya tambayi Nicanor.

Nicanor ya ɗaga kafaɗarsa mai lafiya. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ɗaga yatsu biyu, ya nuna Suruka, ya nuna gefen gonar da ake hangowa daga ƙofar ɗakinsa. Layi biyu na manyan, inda zai riƙa ganinsu. Na ce na yarda.

Saura akwati biyu cike da manyan da ba za a shuka ba. Saiwar daliya ba ta shekara biyu a ajiye, in ba ta shiga ƙasa ba bushewa take yi. Irin da Nicanor ya yi shekara talatin yana tarawa ke nan.

"Ina da fili a bayan bishiyoyin abokado," in ji Fidencio, idonsa a ƙasa. "In ana so, sai in shuka su can, a haƙe a Nuwamba in dawo da su. In ana so fa na ce."

Irin Nicanor a gonar Fidencio, abin da ya raba su ke nan tun farko. Nicanor ya kafe shi da ido har na fara neman abin da zan ce in kashe maganar. Sai ya miƙa ƙafarsa ta hagu, ya sa ta jikin akwatin, ya tura. Akwatin nauyi gare shi, bai fi taƙi ɗaya ya matsa ba. Fidencio ya sunkuya ya jawo shi sauran hanyar, ya daɗe a sunkuye yana gyara garin katakon da ba abin da ya same shi.

Muka shuka a farkon Afrilu. Fidencio ya koya mini abin da ban taɓa kula da shi ba: zurfin yatsu huɗu, saiwa a kwance, ido yana kallon sama, kuma kar a ba ta ruwa da yawa sai ta leƙo, in ba haka ba ta ruɓe. Da suka kai tsawon kamu ɗaya ya ce in tsinke kan kowace. Na ce ba zan iya ba, tausayi suke ba ni. Ya ce in ban tsinke ba kara ɗaya zan samu mai kauri kamar rake, in na tsinke in samu shida. Na tsinke, ina yi ina ba su haƙuri.

Ba komai ne ya tafi daidai ba. Gafiya ta cinye mini kusan rabin layin Rigar Fada kafin in gano raminta. A Yuli dutsen ya yi kwana uku yana zubo toka, fararen suka yi dauɗa, sati guda ban kai su kasuwa ba. Amma masu ƙwallon sun yi yadda na ce. Ina yanka da sassafe, waɗanda suka kusa gama buɗewa, don daliya in an yanke ta a dunƙule ba ta ƙara buɗewa, in tsoma su a ruwa nan take. Kafin azahar bokitaina sun zama fanko.

Nicanor kullum yana bakin gona a kujerarsa. Cikin Agusta ya fara takawa da sanda, daga ƙofa zuwa layin Suruka, ya huta, ya dawo. Matar da ke zuwa tana motsa masa jiki ta ce ba ta san me muka ba shi ba, amma mu ci gaba. Kalmar farko da ta fito daga bakinsa sosai, ina ɗaure wata doguwa a jikin gora ne, na matse ta da yawa.

"A'a," ya ce.

Na saki igiyar na ruga na kira Fidencio.

"Wannan ai ba ci gaba ba ne," in ji shi da ya iso yana haki. "Tun yana yaro ita kaɗai ya iya." Amma ya riƙe hannun Nicanor, ya daɗe bai saki ba.

Wata Asabar Malama Leocadia ta zo rumfata. Tsohuwar malamar makaranta ce, ita ta koyar da Otilia, kuma ta sayi gajeru ashirin a wurina ta jera ƙarƙashin tagar ɗakinta. Ta miƙo mini wayarta ta nuna mini hotonsu. Goma sha bakwai suna nan daidai gwiwa, jajaye, gwanin sha'awa. Uku kuwa sun miƙe sun wuce tagar, suna neman rufin gida.

Kunya ta kama ni. Na dawo gida na nuna wa mazan biyu, kowa ya nuna ɗan'uwansa da yatsa. Washegari bayan coci na ɗauki fartanya da gajeru uku na tafi gidanta in musanya. Ta tare ni a ƙofa.

"Ajiye fartanyar nan, Zenaida. Na nuna miki ne don ki sha dariya. Malam-buɗe-littafi har cikin ɗakina yake shigowa yanzu. In kin taɓa su sai mun ɓata."

Ta karɓi ukun da na kawo duk da haka, ta ba ni kofi da burodi mai zaƙi.

A Oktoba ne Otilia ta gano abin da ni ban lura da shi ba duk watannin nan. Ta zo hutun ƙarshen mako, ta miƙa wa Fidencio kofi, ya kai hannu gefe. Ta matsa masa da tambaya har ya amsa cewa shekara biyu ke nan yanar ido ta rufe masa gani, komai kamar cikin hayaƙi yake ganinsa. Duk aikin da ya yi mana da yatsu ya yi shi. Ba shi da ɗa a kusa, kuma tsoron wuƙar likita yake ji.

"Ubana na baftisma ne kai ko ba kai ba ne?" in ji Otilia. "To Litinin ta sama zan zo da mota, in same ka a shirye."

Ya yi ta kawo dalilai, gona, kaji, kare. Na ce duk na ɗauka. Aka yi masa aikin ido, ya yi kwana goma a gidan Otilia a Puebla, ni kuma ina ba gonaki biyu ruwa. Bayan bishiyoyin abokado na tarar da manyan Nicanor layi-layi, kowace da gorarta, an ɗaure su da kyau fiye da na Fidencio kansa.

Ranar da ya dawo na yanka kaza na yi mole, miyar barkonon da muke yi ranar biki. Otilia ta shigo da shi yana sanye da baƙin tabarau kamar mawaƙi. Ya ƙi zama, ya ce sai ya ga gona. Ya tsaya a bakin layukan masu ƙwallon, ya cire tabarau a hankali, ya daɗe yana kallo.

"Ashe haka suke," ya ce. "Ni duk na zaci ruwan ƙasa ne."

Ya juya ya ƙare wa Nicanor kallo daga sama har ƙasa, ya girgiza kai. Sannan ya juyo gare ni, ya matso, ya ƙura mini ido.

"Kai, komadre! Yaushe kika tsufa haka?"

Nicanor ya fashe da dariya har sandarsa ta faɗi. Na ce wa Otilia ta mayar da mutumin nan Puebla a rufe masa idon yadda yake. Sannan na shiga kicin na zuba masa cinyar kazar, don ita ya fi so.